Tarihin Uwar Garken Yanar Gizo da Aikin Miƙa Tsayayyun Fayiloli

Aikin da aka fara ƙirƙiro uwar garken yanar gizo dominsa guda ɗaya ne: ta karɓi adireshi daga mai nema, ta gano fayil ɗin da adireshin ke nufi a ma'adanar kwamfuta, ta miƙa masa shi yadda yake. Uwar garke, ko sabar kamar yadda masu sana'ar suka fi kiranta, manhaja ce da ke zaune a kan kwamfutar da ba a kashewa, tana jiran buƙatun da burauza ke aikowa dare da rana. Tsayayyen fayil kuwa shi ne wanda aka riga aka rubuta aka ajiye tun kafin a zo nema: shafin rubutu, hoto, bidiyo, takardar PDF, ko fayilolin da ke tsara launi da fasalin shafi. Ko mutum dubu ne suka nema, abu ɗaya za a ba su. Ya sha bamban da shafin da sai an nema ake haɗa shi, kamar wanda ke nuna wa mai asusu abin da ya rage masa a banki. Saita uwar garke ta yi wannan aiki a yau bai wuce rubuta 'yan layuka ba, sai dai kusan kowane layi a cikinsu yana da matsalar da ta haife shi, da shekarar da aka ci karo da ita, da mutanen da suka warware ta.

Abin ya faro ne a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, kusa da birnin Janeba. A watan Maris na 1989 wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ya rubuta wa shugabanninsa shawarar yadda za a haɗa takardun masana da ke warwatse a kwamfutoci iri-iri, ta yadda mai karatu zai bi hanya daga wannan takarda zuwa waccan. Wani injiniya ɗan Beljiyam, Robert Cailliau, ya mara masa baya. Kafin shekarar 1990 ta ƙare, Berners-Lee ya rubuta burauzar farko da uwar garken farko a kan wata baƙar kwamfuta samfurin NeXT, aka ba ta adireshin info.cern.ch. A jikin kwamfutar an manna takarda da rubutun hannu na jan tawada, ana gargaɗin kada kowa ya kashe ta domin sabar ce. Gargaɗin ba na wasa ba ne, don a lokacin idan aka kashe wannan na'ura ɗaya, to yanar gizo kacokan ta ɗauke. A watan Agusta na 1991 aka sanar da jama'ar intanet labarin aikin.

Ƙa'idar maganar da ke tsakanin burauza da uwar garke, wadda ake kira HTTP, a zubinta na farko layi ɗaya ce tak. Burauza ta buɗe hanya zuwa ga uwar garke, ta aika kalmar GET tare da sunan takarda, misali /hypertext/WWW/TheProject.html, wanda shi ne shafin farko na duniya. Uwar garke ta zubo abin da ke cikin fayil ɗin, ta rufe hanyar. Rufe hanyar shi ne alamar cewa saƙo ya ƙare. Babu bayanin girman fayil, babu bayanin irinsa, babu lambar da ke nuna an dace ko ba a dace ba. Idan fayil ɗin ya ɓata, sai a aiko da shafin rubutu mai cewa ba a same shi ba, wanda mutum ne kaɗai zai karanta ya fahimta, na'ura ba ta san bambancinsa da shafin gaske ba. Daga baya ne aka laƙaba wa wannan zubi suna HTTP/0.9.

Duk da ƙanƙantar abin, tambaya mafi muhimmanci a wannan sana'a ta riga ta bayyana: wane yanki na ma'adanar kwamfuta aka yarda baƙo ya gani? Kwamfutar da ke riƙe da shafukan ita ce kuma ke riƙe da wasiƙun mai ita da kalmomin sirrin masu amfani da ita. Uwar garken CERN ta amsa tambayar da fayil ɗin dokoki, inda ake jera umarni irin su Map, Pass da Fail. Na farko yana juya adireshi zuwa wani, na biyu yana cewa a miƙa, na uku yana cewa a hana. Ana bin dokokin daga sama zuwa ƙasa har a tarar da wadda ta dace da buƙatar. Wannan tsari na gwada adireshi da jerin dokoki yana nan a cikin duk uwayen garken da suka biyo baya. Ya kamata a lura kuma cewa tun a wancan lokacin ba tsayayyun fayiloli kaɗai ake miƙawa ba. Littafin lambobin wayar ma'aikatan CERN ta yanar gizo ake binciko shi, haka kuma uwar garken farko a Amurka, wadda Paul Kunz ya kafa a cibiyar SLAC da ke Kalifoniya a watan Disamba na 1991, an yi ta ne domin masana su riƙa bincike a rumbun bayanan takardun kimiyya. Iri biyun tare suka taso.

Shekarar 1993 ce ta buɗe ƙofa. A farkonta Jami'ar Minnesota ta ce za ta fara karɓar kuɗi daga wasu masu amfani da Gopher, tsarin da a lokacin ya fi yanar gizo farin jini, sai jama'a suka fara ja da baya. Ranar 30 ga Afrilu CERN ta saki manhajojin yanar gizo kyauta ga kowa, ba tare da wani sharaɗin biya ba. A shekarar ce kuma cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois ta fitar da burauzar Mosaic, wadda Marc Andreessen da Eric Bina suka rubuta, mai nuna hoto a tsakiyar rubutu. Wani ɗalibi a cibiyar, Rob McCool, ya rubuta uwar garken da za ta tafi tare da ita, wato NCSA HTTPd. Yawancin kalmomin da masu saita sabar ke rubutawa har gobe daga hannun wannan ɗalibi suka fito.

Ya raba saitin gida uku. Fayil ɗin httpd.conf ya ƙunshi abin da ya shafi uwar garken kanta, kamar ƙofar da za ta saurara, wadda bisa al'ada lamba 80 ce. Fayil ɗin srm.conf ya ƙunshi inda takardu suke da yadda za a miƙa su. Fayil ɗin access.conf kuma ya fayyace wanda aka yarda ya shiga da wanda aka hana. A cikin na biyun ne ake samun layin DocumentRoot, wanda ke nuna tushen folda, wato foldar da duk adireshi ke farawa daga gare ta. Idan tushen shi ne /var/www/html, aka nemi /hotuna/kasuwa.jpg, uwar garke za ta liƙa biyun ta buɗe /var/www/html/hotuna/kasuwa.jpg. Duk abin da ke ƙarƙashin tushen na jama'a ne, abin da ke wajensa kuma bai halatta a taɓa ba. Nan ne kuma aka samo layin UserDir, wanda ya ba kowane ɗalibi da malami damar buɗe folda mai suna public_html a ɓangarensa, ya zuba shafukansa, duniya ta gan su a adireshi mai ɗauke da alamar ~ da sunansa. Dubban shafukan farko na jami'o'i ta haka suka samu. Saboda waɗannan mutane ba su da ikon taɓa babban saiti, aka ƙirƙiro ɗan fayil ɗin .htaccess, wanda mutum zai ajiye a foldarsa ya kafa dokokin da suka shafe ta kaɗai.

Wata tambaya da ta taso da wuri ita ce abin da za a yi idan adireshi ya nuna folda maimakon fayil. Amsa biyu aka bayar. Ta farko, a duba ko akwai wani fayil mai sanannen suna a cikin foldar a miƙa shi. Uwar garken CERN tana neman Welcome.html, ta NCSA tana neman index.html, ta kamfanin Microsoft mai suna IIS tana neman default.htm. Sunan NCSA ne ya yi rinjaye, shi ya sa har yau shafin farko na gidajen yanar gizo da yawa index.html ne. Amsa ta biyu, idan babu irin wannan fayil, uwar garke ta jero sunayen duk abin da ke cikin foldar, da girmansu da ranar da aka taɓa su, ƙarƙashin kanun da ke farawa da Index of. Wannan gado ne daga tsohuwar hanyar rarraba fayiloli ta FTP, kuma yana da amfani ga rumbunan manhajoji da ake son kowa ya shiga ya zaɓa. Amma ya tona asirin ma'aikatu da yawa da suka manta ba su kashe shi ba, aka ga jerin takardun da ba su yi niyyar nunawa ba. Uwayen garken da aka rubuta daga baya, irin su nginx, a kashe suke zuwa da shi, sai mai saiti ya kunna da kansa. Wannan shi ne daidai.

Zuwan hotuna ya tilasta a gyara ƙa'idar maganar. Tunda yanzu fayil na iya zama rubutu ko hoto ko sauti, dole uwar garke ta faɗa wa burauza irin abin da take aikowa. Ba a ƙirƙiri sabon tsari ba, an aro na wasiƙun imel mai suna MIME, wanda Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka wallafa a 1992. Kowane irin fayil yana da laƙabi: text/html na shafi, image/jpeg na hoto, application/pdf na takarda. Uwar garke ba ta buɗe fayil ta duba cikinsa. Wutsiyar sunansa take kallo, ta gwada da jadawalin da ke cikin fayil ɗin mime.types, ta rubuta laƙabin a kan saƙon kafin ta aiko da shi. Idan jadawalin ya rasa wata wutsiya, ko mai saiti ya manta bai haɗa shi ba, sai burauza ta ƙi amfani da fayil ɗin launi, shafi ya fito tsirara babu fasali, ko ta sauke takardar da ya kamata ta nuna. A zubin HTTP/1.0, wanda aka daɗe ana aiki da shi kafin a wallafa shi a watan Mayu na 1996, an kuma tabbatar da lambobin amsa: 200 an samu, 404 babu, 403 akwai amma an hana, 301 ya koma wani adireshi.

Akwai wani ɓangare na wannan laƙabi da ya shafi masu rubutun Hausa kai tsaye, wato bayanin tsarin haruffa. Ƙa'idar HTTP/1.1 ta ce idan ba a faɗi tsarin haruffan rubutu ba, a ɗauka ISO-8859-1 ne, tsarin da aka yi domin harsunan yammacin Turai, wanda babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ a cikinsa. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka zana a 1992, yana ɗauke da su duka, kowanne da ƙwayoyin bayani biyu. Idan marubuci ya ajiye shafinsa da UTF-8, uwar garke kuma ta shaida wa burauza cewa tsarin Turai ne, sai burauza ta karanta ƙwayoyin biyu a matsayin haruffa biyu daban. Kalmar ƙasa ta koma Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki. Duk wanda ya daɗe yana karanta Hausa a intanet ya ci karo da irin wannan kwamacala. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne maganar uwar garke tana gaba da abin da marubuci ya rubuta a kan shafinsa, don haka ko ya bayyana tsarin daidai a cikin fayil, layi ɗaya na kuskure a saiti ya isa ya rushe aikin. Wannan na cikin dalilan da suka sa marubuta da yawa suka haƙura da lanƙwasa, suka riƙa rubuta kasa a wurin ƙasa. Sai a 2014 aka cire waccan doka daga ƙa'idar. Maganin bai wuce layi ɗaya ba: AddDefaultCharset UTF-8 a uwar garken Apache, ko charset utf-8 a nginx.

A tsakiyar 1994 McCool ya bar NCSA ya koma sabon kamfanin da ya zama Netscape, manhajarsa ta zama marainiya. Masu kula da gidajen yanar gizo suka riƙa yi mata gyare-gyare kowa a gefensa, suna aika wa juna. A watan Fabrairu na 1995 mutum takwas daga cikinsu, ciki har da Brian Behlendorf da Roy Fielding da Robert Thau, suka haɗa kai suka tattara gyare-gyaren wuri ɗaya da sunan Apache. Fitowar farko ga jama'a ta zo a watan Afrilu, Thau ya sake gina cikinta ta yadda kowane aiki ya zama ɓangare mai zaman kansa da za a iya ƙarawa ko cirewa, sannan Apache 1.0 ta fito a watan Disamba. Zuwa Afrilun 1996 ta zama uwar garken da aka fi amfani da ita a duniya bisa ƙidayar kamfanin Netcraft, ta kuma daɗe a wannan matsayi shekara da shekaru. Ta gaji kalmomin NCSA kusan duka, sai dai kafin ƙarshen shekarun 1990 ta dunƙule fayilolin saitin uku suka koma ɗaya. A 1999 aka kafa gidauniyar Apache domin aikin ya samu mazauni na doka.

Roy Fielding yana cikin manyan marubutan HTTP/1.1, wadda aka wallafa a watan Janairu na 1997 aka kuma sabunta a 1999. Abubuwa biyu a cikinta sun sauya aikin miƙa fayiloli. Na farko, an wajabta wa burauza ta faɗi sunan gidan da take nema a kowace buƙata. Kafin haka kowane gidan yanar gizo sai ya mallaki lambar intanet tasa, ga shi kuwa lambobin gaba ɗaya ba su fi biliyan huɗu da 'yan kai ba. Da wannan gyara kwamfuta ɗaya mai lamba ɗaya ta iya ɗaukar gidaje ɗaruruwa, kowanne da tushen foldarsa, uwar garke tana rarrabe su da suna. A kan wannan ne kasuwar hayar wurin ajiye shafuka mai rahusa ta ginu.

Na biyu shi ne tsarin ajiyar wucin gadi, kuma a nan ne tsayayyen fayil ya fi nuna fifikonsa. Tunda ba ya canzawa sai an taɓa shi, babu dalilin da zai sa a sauke shi sau biyu. Tun a HTTP/1.0 uwar garke kan aiko da ranar da aka yi wa fayil gyara na ƙarshe, burauza ta adana kwafi, in ta dawo ta tambaya ko ya canza tun daga waccan rana. Idan bai canza ba, amsar ita ce lamba 304 ba tare da fayil ɗin ba, 'yan haruffa a maimakon hoto mai nauyi. Sabuwar ƙa'idar ta ƙaro da ETag, wani ɗan hatimi da ke canzawa idan fayil ya canza, da kuma Cache-Control, inda uwar garke ke faɗin daƙiƙa nawa burauza za ta riƙe kwafinta ba tare da ta sake tambaya ba. Nan ma wata matsala ta ɓullo. Idan aka ba da dogon wa'adi, aka gyara fayil, masu karatu za su ci gaba da ganin tsoho. Idan aka ba da gajere, ribar ta tafi. Dabarar da masu sana'ar suka tsaya a kanta ita ce a sa hatimin abin da fayil ya ƙunsa a cikin sunansa, ta yadda duk gyara zai haifar da sabon suna. Sai a ba irin waɗannan fayiloli wa'adin daƙiƙa 31536000, wato shekara guda, shi kuwa index.html da ke nuni zuwa gare su a hana riƙe shi. Ga mai karatun da ke sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan saiti da kuma matse rubutu da gzip kafin a aiko su ne suka fi komai rage masa asara.

Ta fuskar tsaro kuwa, tsohuwar tambayar CERN ba ta taɓa mutuwa ba. A tsarin Unix ɗigo biyu a jere na nufin a hau zuwa foldar da ke sama. Idan maharin ya rubuta ../ sau da yawa a adireshi, uwar garke kuma ba ta tace ba, zai haura tushen folda ya kai ga fayilolin sirri na kwamfutar. Kowace uwar garke tana tace wannan, amma maharan kan sauya wa alamomin kama. A shekarar 2000 aka gano cewa IIS tana barin su wuce idan aka rubuta su da wani salon Unicode, kuma tsutsar kwamfuta mai suna Nimda ta yi amfani da wannan ɓaraka a watan Satumba na 2001. Shekara ashirin bayan haka, a watan Oktoba na 2021, aka samu kusan irin wannan kuskure a Apache 2.4.49. Saboda sanin cewa tacewa na iya gazawa, tun zamanin NCSA aka kafa katanga ta biyu. Uwar garke tana tashi da ikon babban mai kula domin ta kama ƙofa 80, don Unix ba ya barin kowa ya kama ƙofar da ke ƙasa da 1024 sai babban mai kula, sannan nan take ta sauka zuwa matsayin mai amfani marar iko, wanda a tsarukan Debian da Ubuntu ake kira www-data. Abin da wannan matsayi ba zai iya karantawa ba, baƙo ma ba zai samu ba. Yawancin lambar 403 da sabon mai koyo ke karo da ita daga nan take fitowa: ya zuba fayilolinsa a inda www-data ba shi da izinin shiga.

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 matsalar ta koma ta yawan jama'a. Apache ta wancan lokaci kwafin kanta take tanada domin kowane baƙo, kowane kwafi yana cin nasa rabon ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ba ya sakin baƙonsa sai ya gama. Baƙon da ke kan layin waya mai jan ƙafa zai riƙe kwafi guda na tsawon lokaci saboda hoto ɗaya. Idan baƙi suka kai dubbai, ƙwaƙwalwa ta cika, na'ura ta durƙushe, alhali aikin da take yi bai taka kara ya karya ba, jira ne kawai. A 1999 wani injiniya mai suna Dan Kegel ya rubuta maƙalar da ta yi suna a kan wannan, ya kira ta matsalar C10K, wato yadda kwamfuta ɗaya za ta ɗauki baƙi dubu goma a lokaci guda. Masu gina manhajojin tushe suka amsa da sababbin kayan aiki: kqueue a FreeBSD, epoll a Linux, waɗanda ke ba manhaja damar sa ido a kan dubban hanyoyi ta san waɗanda suka shirya, da kuma sendfile, wanda ke kwashe fayil daga ma'adana zuwa hanyar sadarwa kai tsaye ba tare da ya bi ta hannun uwar garke ba.

Wanda ya fi kowa cin moriyar waɗannan kaya shi ne Igor Sysoev, haifaffen Alma-Ata ta ƙasar Kazakistan, wanda a lokacin yake kula da kwamfutocin kamfanin Rambler a Rasha. Ya fara rubuta nginx a 2002, ya sake ta ga jama'a ranar 4 ga Oktoba, 2004. Tsarinta kamar na mai shayi ne a tasha: shi kaɗai yake sallamar mutum ashirin, ya zuba wa wannan, kafin ya sha ya juya ya yanka wa wancan burodi, ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya yana kallonsa har ya gama. 'Yan ma'aikata kaɗan, galibi daidai da yawan ƙwayoyin sarrafawar kwamfutar, su ke juya dubban baƙi. Jan Kneschke ya bi irin wannan hanya da lighttpd a Jamus tun 2003, amma nginx ce ta yi nisa. Da farko a gaban Apache ake ajiye ta, ta miƙa hotuna da sauran tsayayyun fayiloli da kanta, ta tura abin da ke bukatar lissafi zuwa baya. Saitinta gajere ne: listen na faɗin ƙofa, server_name na faɗin sunan gida, root na nuna tushen folda, index na faɗin fayil ɗin farko. Sysoev ya ƙi sa .htaccess da gangan, domin neman wannan fayil a kowace folda a kan kowace buƙata ɓata lokaci ne. An kafa kamfani a kan manhajar a 2011, kamfanin F5 ya saye shi a 2019 a kan dala miliyan 670. Ita ma Apache ta gyara tsarinta a fitowar 2.4 ta 2012.

Wata hanyar rage nauyi ita ce a kai fayil kusa da mai nema. Tom Leighton, malamin lissafi a jami'ar MIT, da ɗalibinsa Daniel Lewin sun kafa Akamai a 1998 a kan wannan tunani: a baza kwamfutoci a garuruwa da yawa, kowace ta riƙe kwafi, a tura mai nema zuwa mafi kusa da shi. Tsayayyen fayil ne ya sa hakan ya yiwu, tunda kwafinsa da asalinsa duk ɗaya ne. Lewin ya rasu a jirgin farko da aka kai hari da shi ranar 11 ga Satumba, 2001, ranar da gidajen labarai suka fuskanci cunkoson da ba su taɓa gani ba, wasu suka rage shafukansu zuwa rubutu tsura domin su iya tsayawa.

A tsawon waɗannan shekaru shafukan da ake haɗawa nan take sun mamaye fage, da PHP wadda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, da WordPress ta 2003, har rubuta shafi a ajiye ya zama kamar tsohon yayi. Amma kowane irin wannan gida yana bukatar rumbun bayanai, da sabuntawa a kai a kai, kuma kowane ɓangare nasa ƙofa ce ga mahari. A 2008 Tom Preston-Werner ya fitar da Jekyll, manhajar da ke karɓar rubutun marubuci ta haɗa shafukan gaba ɗaya sau ɗaya ta ajiye su a matsayin tsayayyun fayiloli, kamfanin GitHub kuma ya fara karɓar irinsu kyauta. Amazon, wanda ya buɗe ma'ajiyar S3 a 2006, ya ba da damar a mayar da ita gidan yanar gizo a 2011. Hugo ta biyo baya a 2013. A shekarar ce kuma CERN ta mayar da shafin farko a adireshinsa na asali daga wani kwafi na 1992, kuma burauzar yau tana buɗe shi ba tare da an gyara masa komai ba. Da wuya a samu shafin da ake haɗawa nan take mai irin wannan tsawon rai. Ga makaranta ko ƙungiya ko rumbun tsofaffin jaridu da abin da suke nunawa ba ya canzawa kowace sa'a, tsayayyun fayiloli sun fi araha, sun fi sauri, sun fi wuyar fasawa.

Layi na ƙarshe da ya shigo saitin shi ne na ɓoye saƙo. Netscape ta kawo SSL a 1995, ƙofarsa 443, amma shekara ashirin takardar shaidarsa galibi sai da kuɗi, don haka masu ƙananan shafuka ba su damu da ita ba. A watan Disamba na 2015 hukumar Let's Encrypt ta buɗe wa kowa takardun shaida kyauta masu wa'adin kwana 90, waɗanda manhaja ke sabuntawa da kanta, kuma daga watan Yuli na 2018 burauzar Chrome ta fara yi wa duk shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Uwar garken Caddy, wadda Matt Holt ya fitar a 2015, tana nemo takardar da kanta, tana sabunta ta da kanta. A cikinta sunan gida, da layin root, da layin file_server sun isa a kafa gidan yanar gizo cikakke. Abin da har yanzu babu manhajar da ta ɗauke wa mai saiti shi ne zaɓen abin da zai zuba a tushen folda. Kwafin rumbun bayanai da aka manta a can, ko foldar .git, ko fayil ɗin .env mai ɗauke da kalmomin sirri, uwar garke za ta miƙa su ga duk wanda ya san sunansu, da lamba 200, kamar yadda take miƙa index.html.